Ƙirƙirar Mujallar Waƙa a Matsayin Aikin Jinga: Tsarin Birtaniya da Yanayin Waƙar Hausa a Hannun Ɗalibi a Doha

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wani aikin jinga da ake ba ɗaliban nazarin kafafen yaɗa labarai a makarantu masu bin manhajar Birtaniya, wato ƙirƙirar mujallar waƙa tare da gabatar da waiwaye a kan yadda aka yi ta. An buga misali da ɗalibi Bahaushe mazaunin unguwar Bin Mahmud ta birnin Doha, wanda ya zaɓi waƙar Hausa ta zama abin da mujallarsa za ta ƙunsa. Maƙalar ta nuna cewa tsarin da ake koyarwa an gina shi ne a kan tauraro guda da rukunonin kasuwar faifai, alhali waƙar Hausa ta ginu ne a kan ƙungiya da ubangida da nauyin magana. Wuraren da tsarin ya ƙi zama daidai da waƙar su ne suka fi cancantar shiga waiwayen ɗalibi, kuma su ne sassan koyar da aikin jarida na ƙasar Hausa za su fi amfana da su.

Fitilun kalmomi: mujalla, waƙar Hausa, aikin jinga, waiwaye, Doha

1.0 Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin da ake bi wajen koyar da aikin jarida akwai sa ɗalibi ya ƙera abin da yake nazari da hannunsa, sannan ya zauna ya bayyana dalilin kowane zaɓi da ya yi. Ƙirƙirar mujallar waƙa na cikin ayyukan da suka fi yaɗuwa a wannan fanni. A ido aiki ne na ɗaukar hoto da tsara shafi a kwamfuta. Sai dai kowane tsarin shafi yana ɗauke da wata fahimta game da wane ne mawaƙi da yadda ake rarraba waƙoƙi da kuma wanda ake rubutu dominsa. Muddin ɗalibi yana aiki a kan kiɗan Turai ko na Amurka, wannan fahimta ba ta cika bayyana gare shi ba, domin tsarin da kiɗan tare suka taso. Da zarar ya ɗora waƙar Hausa a kan tsarin, sai saɓani ya fara fitowa tun daga bango.

Manufar wannan maƙala ita ce bin waɗannan wurare na saɓani ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibin da za a riƙa ambata misali ne aka buga domin sauƙaƙa bayani, amma manhajar da muhallin da mawaƙan da mujallun duk na zahiri ne.

2.0 Asalin Aikin da Sharuɗɗansa

A tsohuwar manhajar da hukumar jarrabawa ta OCR ta fara koyarwa a Birtaniya a shekarar 2008, ɗalibin babbar sakandare da ya zaɓi ɓangaren ɗab'i yakan fara da gwajin mujallar makaranta, daga nan sai ya shiga babban aiki: bangon sabuwar mujallar waƙa da shafin ƙumshiya da kuma maƙala mai cin shafuka biyu masu fuskantar juna. Sharaɗi ne hotuna da rubutu su kasance na ɗalibin, kuma hotunan kada su gaza huɗu. Bayan kammalawa sai ya amsa tambayoyi bakwai na bitar aikinsa. Manhajar Kambirij ta ƙasa da ƙasa, mai lamba 9607, ta riƙe waɗannan sassa uku na mujalla, ta bar wa ɗalibi zaɓin fannin da mujallar za ta shafa, ta kuma taƙaita waiwayen zuwa tambayoyi huɗu. Tambayoyin sun shafi yadda aikin ya bi ko ya saɓa wa al'adun mujallu da yadda ya wakilci rukunonin al'umma, da yadda zai jawo masu karatu a kuma rarraba shi, da yadda ƙwarewar ɗalibi ta bunƙasa, da kuma yadda ya yi amfani da na'urori da manhajojin kwamfuta.

Mujallun da ake ba ɗalibai su yi koyi da su suna da nasu tarihin. Melody Maker ta fara fita a Landan a 1926, NME ta biyo baya a 1952, kuma a wannan shekarar ce ta buga jerin farko na faifan da suka fi kasuwa a Birtaniya. Rolling Stone ta bayyana a Amurka a 1967, Q kuma a 1986. Dukkansu sun rayu ne a jikin kamfanonin faifai, waɗanda ke ba su talla da hotuna da damar hira da mawaƙa. Da cinikin faifai da na talla suka koma intanet, sai NME ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018, Q kuma ta rufe a 2020. Ke nan tsarin da ɗalibi ke kwaikwayo ɗan wata kasuwa ce ta musamman, wadda ita kanta ta sauya kama.

3.0 Muhallin Aikin: Bin Mahmud

Bin Mahmud unguwa ce a tsakiyar Doha, babban birnin Ƙatar, tsakanin Mushairib da Al Sadd. Gidajen haya masu hawa da otal-otal da gidajen abinci suka fi yawa a cikinta, kuma akasarin mazaunanta baƙi ne da aiki ya kawo, kamar yadda yake a ƙasar baki ɗaya, inda 'yan ƙasa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba. Unguwar tana da tasha a layin jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2019. Daga nan tasha ɗaya ce zuwa Mushairib, inda ake sauya layi zuwa Birnin Ilimi, mazaunin reshen Jami'ar Northwestern da ke koyar da aikin jarida da sadarwa tun 2008. A birnin akwai kuma Sashen Aikin Jarida na Jami'ar Ƙatar da cibiyar horarwa ta tashar Al Jazeera da makarantun sakandare masu bin manhajar Birtaniya.

Ɗalibi Bahaushe da ke zaune da iyayensa a irin wannan unguwa yana da kayan aiki a wadace: kyamara da kwamfuta da intanet mai ƙarfi. Abin da ya yi masa nisa shi ne mawaƙan kansu da dandalin da ake yin waƙar. Malamin da zai duba aikinsa da wuya ya san Shata ko Ɗanƙwairo, abokan ajinsa kuma daga ƙasashe daban-daban suke. Saboda haka dole ya bayyana duk abin da ɗan'uwansa na Kano zai ɗauka sananne ne. Wannan tilas ɗin yana da amfani, domin shi ke fito da tambayoyin da sabo yake rufewa.

4.0 Inda Tsarin Ke Saɓawa da Waƙar Hausa

4.1 Bango: wa za a sa?

Al'adar bangon mujallar waƙa ita ce hoton mutum guda, daga ƙirji zuwa sama, yana kallon mai karatu ido cikin ido, sunansa da manyan baƙaƙe. Wannan ya dace da abin da Richard Dyer ya yi bayani a littafinsa Stars na 1979, cewa tauraro siffa ce da kafafen yaɗa labarai ke ginawa domin sayarwa. A waƙar baka ta Hausa kuwa, abin da kunne ke ji aikin ƙungiya ne: jagora da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira ko maroƙi. Waƙar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ta tsayuwa sai da kalangai da amshi. Ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ta fi haka dogaro da 'yan amshi, domin sukan karɓi ɗan waƙa su ƙarasa shi, ga kuma kotsannin da ke riƙe da zaren kiɗan. Hajiya Barmani Coge da ƙwaryarta ta amada haka ta kasance da mataimakanta. Irin Ɗanmaraya Jos, wanda ya riƙa waƙa shi kaɗai da kuntiginsa, su ne 'yan tsiraru. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma bangon da aka gada yana nuna hannu ɗaya ne kawai.

Akwai kuma ubangida. Waƙoƙin fada da yawa an san su ne da sunan wanda aka yi wa, kuma tarihin Ibrahim Narambaɗa ba ya cika sai an ambaci Sarkin Gobir na Isa Amadu. Mujallar Turai ba ta tanadi gurbi domin wannan mutum na uku ba, wanda bai rera ba, bai kaɗa ba, amma dominsa aka yi waƙar kuma shi ya ɗauki nauyin mai ita.

A waƙoƙin zamani saɓanin ya ɗauki wata siffa. Tun bayan da finafinan Hausa na bidiyo suka fara da Turmin Danya a 1990, waƙa ta zama ginshiƙin fim, inda mawaƙi ke rerawa a sutudiyo, mai kiɗa ya haɗa sauti da fiyano, jarumi kuma ya hau waƙar a gaban kyamara. Shekaru da dama fuskar da jama'a suka sani da waƙa ta jarumi ce, mai muryar kuwa yana bayan fage. Sai daga baya mawaƙa irin su Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Fati Nijar suka zama fuskokin da ake ganewa da kansu. Mai kiɗan sutudiyo har yanzu sau da yawa ba a sanin sa sai in mawaƙi ya ambace shi a cikin waƙa.

Sharaɗin cewa hoto ya zama na ɗalibi yana ƙara wa lamarin nauyi. Ɗalibin Doha ba shi da hanyar ɗaukar hoton mawaƙin Kano, balle wanda ya riga mu gidan gaskiya. Abin da aka saba yi shi ne a sa aboki ya fito a matsayin ƙagaggen mawaƙi. Daga nan tambayar sutura ta taso: babbar riga da hula, ko kaftani, ko shigar 'yan hip-hop? In mace ce, wane irin lulluɓi da wace irin tsayuwa? Ɗalibai sukan jawo maƙalar Laura Mulvey ta 1975 a kan yadda kyamara ke kallon mace da idon namiji. Wannan ra'i yana da amfani, amma bai ƙare magana ba a al'ummar da kunya take cikin ma'aunan mutunci, inda kallon kyamara ido cikin ido da murmushin yanga kan iya ba da ma'anar da mai hoton bai nufa ba.

4.2 Ƙumshiya: yaya za a rarraba?

Shafin ƙumshiya yana tilasta rarrabawa. Mujallun Turai suna bin rukunonin kantin faifai, waɗanda aka ware bisa sautin kiɗa. Masana waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nuna cewa Bahaushe yana rarraba makaɗa ne bisa waɗanda suke yi wa kiɗa da kuma aikin da kiɗan ke yi: makaɗan fada da na jama'a da na sana'a da na maza da na ban dariya da sauransu. Da wannan ma'auni ne ake sa Ɗan Anace a kiɗan dambe, Kassu Zurmi kuma a na tauri da farauta. Haka David Ames da Anthony King suka ɗaure kalmomin kiɗan Hausa da muhallinsu na zamantakewa a littafinsu Glossary of Hausa Music and Its Social Contexts na 1971, wanda maɗaba'ar Jami'ar Northwestern ta buga, wato uwar reshen da ke Doha a yau.

Kalmar waƙa ita kanta ta fi faɗin abin da mujallar Turai ke nufi. Ta haɗa waƙar baka da rubutacciya, kuma rubutacciyar ma rera ta ake yi. Mujallar waƙar Hausa za ta iya ɗaukar Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja kusa da Shata ba tare da mai karatu ya ga baƙon abu ba, sannan ga Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, wanda ke rubutawa ya kuma rera da kiɗan sutudiyo. Ga waƙoƙin bege, ga na siyasa irin na Dauda Kahutu Rarara, ga na soyayya da ake kira nanaye, ga hip-hop na Hausa. Ɗalibin da ya zuba waɗannan duka a ƙarƙashin kanu biyu, gargajiya da zamani, ya sauƙaƙa wa kansa aiki, amma ya ɓoye cewa mawaƙin siyasa na yau, duk da fiyanonsa, dangantakarsa da wanda yake yi wa waƙa ta fi kama da ta makaɗin fada da ubangidansa.

4.3 Shafuka biyu: me za a rubuta?

Babbar maƙalar mujallar Turai yawanci hira ce da ta karkata ga rayuwar mawaƙi da sabon faifansa. Mai sauraron Hausa kuwa ya fi kula da abin da aka ce: azanci da kirari da habaici da zambo da karin magana. Muhawarar majalisa a kan waƙa takan tsaya ne a kan wa ake nufi da wane ɗa, da kuma dalilin yin waƙar. Ilimin Hausa yana da kayan aikin wannan nazari, wato turke da tubalan gininsa da gindin waƙa da ɗiyanta da salon sarrafa harshe. Maƙalar da ta haɗa hira da taƙaitaccen sharhin turke, da bayanin lokacin da aka yi waƙar da wurin, za ta fi gamsar da mai karatu Bahaushe.

A nan ne kuma batun haƙƙin mallaka ke shigowa. Rubuta matanin waƙa gaba ɗaya a mujalla yana buƙatar izinin mai ita, kuma Nijeriya ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Ga waƙar baka tambayar tana da sarƙaƙiya: jagora ne mai ita, ko ƙungiya, ko magada, ko gidan rediyon da ya naɗe ta? Waƙa ɗaya ma takan zo da ɗiya mabambanta daga wannan zama zuwa wancan, don haka wajibi ne marubuci ya faɗi wane naɗi ya saurara.

4.4 Baƙaƙe

Matsala ta ƙarshe ta fasaha ce, amma tana shafar ma'ana. Da yawa daga cikin salon baƙaƙen ado da ake zaɓa domin sunan mujalla a Photoshop ko InDesign ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Ɗalibi yakan ga kwamfuta ta cusa masa baƙi daga wani salo daban, ko ta bar gurbi. In ya jefar da lanƙwasar domin kyan shafi, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, kalmar waƙa kanta ta gurgunce a kan bangon mujallar waƙa. Bugu da ƙari, Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar kuma ƴ, don haka mujallar da ke son masu karatu a Kano da Maraɗi sai ta tsayar da ƙa'ida guda ta kuma faɗi dalili.

5.0 Masu Karatu da Rarrabawa

Manhaja tana so ɗalibi ya fayyace masu karatunsa da hanyar isa gare su. A Birtaniya ana yin haka ne ta shekaru da jinsi da matakin samu, ana kuma ɗauka cewa kamfanin rarrabawa zai kai mujalla kantuna. Ɗalibin Bin Mahmud zai tarar cewa Hausawan da ke kewaye da shi ba rukuni ɗaya ba ne. Akwai 'yan Nijeriya da Nijar da Gana da suka zo aiki ko karatu, akwai kuma zuriyar Hausawan Sudan da na Hijaz, waɗanda da yawansu Larabci ya fi ƙarfi a bakinsu. Su ma suna da nasu tarihin waƙa, kamar na A'isha Falatiya, mawaƙiyar Sudan mai asalin Hausa da ta yi fice a rediyon Omdurman tun farkon shekarun 1940. Yanke shawarar harshen mujalla, ko Hausa zalla ko tare da Larabci ko Ingilishi, yanke shawara ne a kan wanda aka gayyata da wanda aka bari a waje.

Ta fuskar doka, aikin aji ba ya buƙatar lasisi, amma tambayar rarrabawa tana nufin a ɗauka mujallar ta gaske ce. A Ƙatar dokar ɗab'i ta 1979 ta wajabta lasisi ga mujallu, a Kano kuma akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i da aka kafa a 2001, wadda huruminta ya shafi waƙoƙi.

Ta fuskar kasuwa, abin koyi mafi kusa shi ne mujallun fim na Hausa. Sunusi Shehu Daneji ya kafa Tauraruwa a Kano a 1998, kuma a cikinta ne sunan Kannywood ya samo asali. Ibrahim Sheme ya fara Fim a Kaduna a watan Maris na 1999. A irin waɗannan mujallu ne hirarrakin mawaƙa da tarihinsu suka sami wurin zama, duk da cewa waƙa ta shigo ne a inuwar fim. Arzikin mawaƙin Hausa kuwa ya fi fitowa daga biki da sarauta da siyasa da kyautar masoya, yanzu kuma da YouTube, yayin da waƙar ke yawo ta wayoyi da shagunan masu turawa. Babu kamfanonin faifai masu ƙarfin da za su riƙe mujalla da talla kamar yadda aka yi a Landan. Ɗalibi mai lura zai gane cewa in kuɗin mujalla zai fito daga iyayen gidan mawaƙa ne, to 'yancin yin sharhi yana cikin haɗari, kuma mujallar na iya rikiɗa ta zama sanƙira.

6.0 Abin da Waiwaye Ya Kamata Ya Ƙunsa

Waiwayen ɗalibai da yawa yakan tsaya a kan jerin abin da aka yi: launin da aka zaɓa da manhajar da aka koya. Bayanan da suka gabata sun nuna cewa waiwaye mai nauyi shi ne wanda ya kama kowane wuri da aka yi zaɓi, ya faɗi abin da aka samu da abin da aka rasa. In ɗalibi ya sa jagora shi kaɗai a bango, sai ya bayyana cewa ya bi al'adar kasuwa, ya kuma nuna inda ya biya 'yan amshi da mai kiɗa haƙƙinsu a cikin mujallar. In ya sa ƙungiya, sai ya yarda cewa hoton ya rage jan ido daga nesa. In ya rarraba ƙumshiya bisa tsarin Gusau, sai ya faɗi inda ya ajiye hip-hop da dalilinsa. Manhajar Kambirij da kanta ta buɗe wannan ƙofa, tunda ta tambayi yadda aiki ya saɓa wa al'ada, ba yadda ya bi ta kaɗai ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sassa uku na aikin mujallar waƙa, ta nuna cewa kowane sashe yana ɗauke da zato game da mawaƙi da kasuwarsa wanda bai dace da waƙar Hausa kai tsaye ba. Amfanin wannan bai tsaya ga ɗaliban ƙetare ba. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'in Nijeriya ta sanar da rarraba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, abin da ya ba da sararin sababbin ayyukan gwaji. Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero da takwararta ta Zariya suna zaune kusa da sassan nazarin Hausa, inda ilimin waƙar yake, suna kuma kusa da mawaƙan kansu. Aikin jinga na haɗin guiwa, wanda za a yi da Hausa, a kuma wajabta wa ɗalibi rubuta sunan jagora da 'yan amshi da mai kiɗa da sutudiyo da shekarar kowace waƙa da ya ambata, zai horar da marubutan da wannan fage ke buƙata. Littafin Shata Ikon Allah! na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, shekara bakwai bayan rasuwar mawaƙin, ya nuna yawan wahalar da ke cikin tattara irin waɗannan bayanai bayan mai su ya tafi. Mawaƙan sutudiyo na yau da masu yi musu kiɗa suna raye, kuma ana iya tambayar su tun yanzu.